Maki Goma, Maki Sifiri: Hukuncin Masu Sharhi a Kan Sabon Faifai

 

An ce in zo in yi magana a kan sharhin waƙa. Na zaɓi in ɗebo misalaina daga Birtaniya da Amurka da Faransa, daga kiɗe-kiɗe iri biyu da yawancinmu ba mu cika saurara ba: rok na ƙananan kamfanoni, wanda ake kira indi, da kuma kiɗan na'ura. Da gangan na yi haka. Da mawaƙan gida na ɗauko, kafin in kai rabin magana zauren nan ya rabu biyu, kowa ya tashi kare gwaninsa. Rigimar kiɗan da ba naka ba kuwa kana iya kallonta da sanyin zuciya. Ban da haka, a can an daɗe ana wannan sana'a a rubuce, har kurakuranta sun taru da kwanan wata, kowa na iya komawa ya duba.

Abin da nake so in nuna muku shi ne, hukuncin da ake yanke wa faifai a makon da ya fito ya fi ba da labarin kunnen mai sharhi fiye da labarin faifan. Kuma lambar da ake liƙa masa, tara ce ko uku ko sifiri, ita ce mafi rauni a cikin sharhin, amma ita ce ke ɗaga mawaƙi ko ta kayar da shi.

Sai mun san inda mai sharhi ya samo wannan ƙarfi tukuna. A watan Janairun 1977 wasu samari a Manchester, ƙungiyar Buzzcocks, suka ranci kuɗi wajen dangi da abokai suka buga ƙaramin faifansu, Spiral Scratch, da kansu, ba tare da wani babban kamfani ba. Ba a jima ba ƙananan kamfanoni suka yawaita: Rough Trade da 4AD a Landan, Factory a Manchester, daga baya Sub Pop a Seattle, Matador a New York, Merge a North Carolina. Dukansu ciwonsu ɗaya. Ba su da kuɗin talla, kuma manyan gidajen rediyo ba sa sa waƙoƙinsu da rana. To ta ina mai saye zai ji cewa faifai ya fito? A Birtaniya, ko dai ya kama shirin John Peel na dare a BBC, ko ya sayi jaridun kiɗa na mako-mako, irin su Melody Maker da aka kafa a 1926 da NME da ta fara a 1952. Saurayi mai kuɗin faifai ɗaya a aljihu dole ya karanta kafin ya shiga kanti, domin ba lalle ya samu hanyar jin waƙar ba sai ya biya. Mai sharhi na ji kafin kowa ya ji. Ƙarfinsa ke nan gaba ɗaya.

Mu tafi watan Oktoban 2000. Ƙungiyar Radiohead, mutum biyar daga yankin Oxford, ta riga ta yi suna da faifan OK Computer na 1997, wanda masu sharhi suka yi ta kambamawa. Su dai babban kamfanin EMI ke buga su, amma masu sauraronsu da masu rubutu a kansu duk 'yan wannan duniya ta indi ne. Kowa ya zauna jiran ƙanin OK Computer. Ashe jagoransu, Thom Yorke, ya ƙosa da jita. Ya koma sauraron Aphex Twin da Autechre, makaɗan na'ura na kamfanin Warp da aka kafa a Sheffield a 1989. Da sabon faifan, Kid A, ya fito, sai aka ji jita ta ja baya, na'ura ta shigo gaba, an murɗe muryar mawaƙin a wasu waƙoƙin har da ƙyar ake gane kalmominsa. Ba su ware waƙa ɗaya sun tura wa kasuwa gaba ba, ba su yi bidiyon waƙa irin na al'ada ba.

Melody Maker ta ba shi tauraro ɗaya da rabi cikin biyar. Marubucin nan Nick Hornby, a mujallar The New Yorker, ya koka cewa faifan na buƙatar haƙurin wanda zai zauna dare bayan dare yana saurare, alhali mutumin da ya girma ya kama aikin albashi ba shi da irin wannan lokaci. A ɗaya gefen, wani shafin intanet na Chicago da ba kowa ya san shi ba a lokacin, Pitchfork, ya ba shi 10.0, makin da babu na sama da shi.

Ku sake duba ƙorafin Hornby. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiya ce game da Hornby: shekarunsa, aikinsa, da abin da yake so waƙa ta yi masa idan ya dawo gida a gajiye. Shi ma mai makin goman bai tsira ba. Har yau ana tuna sharhinsa saboda zuzutawar da ta wuce kima, kuma ya buɗe shi ne da labarin abin da ya ji a ransa a wani wasan ƙungiyar a Italiya. Faifai ɗaya, marubuta biyu, kowa hoton kansa ya zana. Kid A ya hau matsayi na ɗaya a kasuwar Birtaniya da ta Amurka. Wata biyu bayan haka, a Disamban 2000, Melody Maker ta rufe, aka haɗe ta da NME. Da shekaru goman suka ƙare, Rolling Stone da jaridar The Times ta Landan da Pitchfork duk Kid A suka zaɓa a matsayin faifan da ya fi kowanne tsakanin 2000 da 2009. Ko amo ɗaya ba a ƙara wa faifan ba a tsawon lokacin nan. Kunnuwa ne suka saba.

Shi wannan Pitchfork, wani matashi mai suna Ryan Schreiber ne ya kafa shi a Minneapolis a tsakiyar shekarun 1990, bai daɗe da gama sakandare ba, ya kuma mayar da shi Chicago a 1999. A lokacin kyauta ake karanta shi, kusan kullum da sabon sharhi, kuma makinsa na tashi daga 0.0 zuwa 10.0. Ku lura da ɗigon nan. Wa zai dafa littafi ya rantse ya ji bambanci tsakanin 7.8 da 7.9? Amma lamba mai ɗigo kama take da sakamakon ɗakin gwaji, haka kuma jama'a suka karɓe ta.

Wata guda ya isa ya nuna muku abin da lambar ke iya yi: Satumban 2004. A watan ne wata ƙungiya daga Montreal ta ƙasar Kanada, Arcade Fire, ta fitar da faifanta na farko a kamfanin Merge. Sun sa masa suna Funeral saboda rashe-rashen da aka yi wa wasu daga cikinsu lokacin da suke aikinsa. Pitchfork ya ba shi 9.7. Kafin a ankara faifan ya ƙare a kantuna, Merge na ta faman sake bugawa, kuma shi ne faifan kamfanin na farko da ya shiga jerin Billboard 200. A Fabrairun 2011 wannan ƙungiya ta karɓi kyautar Grammy ta faifan shekara da The Suburbs, ta doke Eminem da Lady Gaga da Katy Perry.

A wannan Satumban dai, Travis Morrison na birnin Washington ya fitar da faifansa na farko shi kaɗai, Travistan. Ba baƙo ba ne wajen Pitchfork. Shafin ne ya zaɓi faifan tsohuwar ƙungiyarsa, The Dismemberment Plan, a matsayin gwarzon 1999. Wannan karon 0.0 suka ba shi. Jaridar Washington Post ta ruwaito daga baya cewa gidajen rediyon jami'o'i sun ja jiki daga faifan, har wani kanti a Texas da farko ya ƙi ajiye shi. Bayan 'yan shekaru Morrison ya jingine kiɗa na wani lokaci ya kama aikin kwamfuta. Ni ban zo in ce muku Travistan gwanin kyau ba ne. Amma sifiri na nufin babu komai a ciki, ba amo ɗaya, ba baiti ɗaya, kuma babu faifan da ƙwararren mawaƙi zai yi ya zama haka. Fushin masoyin da aka ba kunya ne aka rubuta da lamba. Magana kuwa zarar bunu ce. Da wuya a samu wanda ya tuna hujjojin sharhin nan a yau, amma duk wanda ya san sunan faifan ya san makinsa.

Da shafin ya ji ƙarfinsa, sai wasa ya shigo. A 2006, da ƙungiyar Jet ta Ostareliya ta fitar da faifanta na biyu, ko kalma ɗaya ba su rubuta ba. Bidiyon biri suka liƙa yana abin da ba zan faɗa a gaban iyayena malamai ba. A Birtaniya kuma cutar ta gaggawar yabo ce. A Janairun 2006 Arctic Monkeys na Sheffield suka sayar da fiye da kwafi 360,000 na faifansu na farko cikin mako guda, NME ta ba shi goma cikin goma, kuma tun faifan bai yi wata a kasuwa ba ta sa shi na biyar a jerin faya-fayan Birtaniya mafiya girma a tarihi. Faifan mai kyau ne. Amma tarihi ba a sati ake rubuta shi ba, su ma sun san haka. Jarida suke so su sayar.

Yanzu in zo inda na fi so mu daɗe, wato kiɗan na'ura, domin a nan ne kuskuren masu sharhi ya fi tsari, ya fi daɗewa.

Mai sharhin da ya tashi da kiɗan rok kamar mai awo ne da ya zo kasuwa da mudunsa, duk hatsin da aka kawo da shi zai auna. Abubuwan da yake nema sanannu ne. Yana son kalmomin da zai fassara. Yana son fuskar mawaƙi da labarin rayuwarsa, ya ga hannu a kan jita da gumi a goshi. Yana kuma son dogon faifai mai waƙoƙi goma ko sha biyu da zai zauna shi kaɗai ya saurara daga farko zuwa ƙarshe. Kiɗan rawa na na'ura ba ya ba da ko ɗaya daga cikinsu. A Chicago, a farkon shekarun 1980, kiɗan haus ya tashi ne a wuraren rawa na baƙaƙen fata, a hannun masu haɗa faya-fayai irin su Frankie Knuckles. A Detroit, samari uku baƙar fata da suka yi makaranta tare a garin Belleville, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, suka haɗa abin da suka ji daga Kraftwerk na Jamus da kiɗan fank na gida, suka fito da tekno. Kayan aikinsu akwatunan ganga ne na kamfanin Roland na Japan, TR-808 da TR-909. Waƙa ɗaya ko biyu ake bugawa a faifai, sau da yawa babu kalma, wani lokaci sunan da ke jiki ma ba na gaskiya ba ne. An yi ta ne domin a haɗa ta da wata, a cikin dare, a zaure cike da mutane. Wanda ya saurare ta a tebur da biro a hannu zai ce maimaici ne kawai, kuma ta fuskarsa bai yi ƙarya ba. Wurin sauraron ne ya kuskure.

Akwai kuma tsohuwar ƙiyayya a ƙarƙashi. A 12 ga Yulin 1979, a filin wasa na Comiskey Park a Chicago, an tara faya-fayan disko aka tarwatsa su da nakiya a gaban dubban 'yan kallo, abin ya koma tarzoma. Garin da aka yi wannan shi ne garin da haus ya fito bayan 'yan shekaru. Ba abin mamaki ba ne da ya kasance Birtaniya ce ta fara rungumar kiɗan. Kundin da ya gabatar wa duniya tekno na Detroit a 1988 a Ingila aka buga shi. Kyautar Mercury ta Birtaniya, da aka fara a 1992, ta je hannun Portishead a 1995, a 1997 kuma Roni Size da ƙungiyarsa ta Reprazent daga Bristol suka karɓe ta, OK Computer na cikin waɗanda suka kayar. Grammy ta Amurka kuwa sai a 2005 ta ware rukuni na faifan kiɗan na'ura da rawa.

Ko da masu sharhi suka fara yabon kiɗan na'ura, wanne suka yaba? Wanda ya yi kama da abin da suka saba. A 1992 Warp ta fitar da kundin Artificial Intelligence, a bangonsa an zana mutum-mutumi yana kishingiɗe a kujerar falo yana saurare. Saƙon a fili yake: wannan na zama ne. Nan da nan aka laƙaba wa irinsa sunan kiɗan rawa na masu basira, sunan da Aphex Twin da kansa ya nuna bai so, domin ya san abin da ake nufi game da sauran masu rawar.

Daft Punk ne suka fi kowa ɗanɗana wannan. Su biyu ne, 'yan Faris, Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo, kuma sunan nasu ma daga wata suka da Melody Maker ta yi wa tsohuwar ƙungiyarsu ta jita suka tsinto shi. A Maris na 2001 suka fitar da Discovery: disko ba kunya, murya an bi da ita ta na'ura, farin ciki tsagwaronsa. Schreiber da kansa ya rubuta sharhin Pitchfork, ya ba shi 6.4, ya kuma yi ba'a ga kalmomin waƙoƙin. Mutum ya je biki ya tsaya gyara nahawun masu guɗa. A 2009, da shafin ya jera faya-fayan shekaru goman, Kid A ne na ɗaya, Funeral na biyu, na uku kuwa Discovery, mai 6.4.

Kada ku ɗauka babu masu yin aikin da kyau. A 2007 wani mutum a kudancin Landan da ya ɓoye sunansa, yana kiran kansa Burial, ya fitar da Untrue a ƙaramin kamfanin Hyperdub. Babu fuska, babu wasan dandali. Jaridar The Sun ta shiga farautar ko wane ne shi, har a 2008 ya fito ya ce sunansa William Bevan. Amma marubuta irin su Mark Fisher, wanda ya tattauna da shi a mujallar The Wire, da Simon Reynolds, ba su ɓata lokaci a kan wannan ba. Sun san gidajen rediyon bayan fage na Landan, sun san kiɗan jangul da garej da faifan ya tsotsa, don haka suka iya gaya wa mai karatu daga ina wannan bugun ya fito, me ya sa aka yayyanka muryoyin, kewar me ake yi. The Wire ba ta ba da maki ko tauraro. Har yau ana komawa ga waɗannan rubuce-rubuce, domin in ka karanta su ka koma ga faifan, za ka ji abin da da ba ka ji ba. A wurina wannan shi ne aikin mai sharhi, sauran duk ado ne.

A Oktoban 2021 Pitchfork ya yi abin da ba a saba gani ba. Ya ɗauko tsofaffin sharhi 19 ya faɗi makin da ya kamata a ce ya bayar. Discovery ya tashi daga 6.4 zuwa 10, wata takwas bayan Daft Punk sun sanar da rabuwarsu. Faifan Liz Phair na 2003 ya tashi daga 0.0 zuwa 6.0, shi marubucin sifirin, Matt LeMay, tun 2019 ya fito ya nemi afuwarta. Vroom Vroom na Charli XCX, wanda makaɗiyar na'ura SOPHIE ta haɗa masa kiɗa a 2016, ya tashi daga 4.5 zuwa 7.8, alhali SOPHIE ta rasu tun Janairun 2021. Wasu kuma ƙasa aka yi da su: faifan farko na Interpol ya sauko daga 9.5 zuwa 7.0. Ku dubi inda gyaran ya karkata. Da yawa daga cikin waɗanda aka ɗaga mata ne ko masu kiɗan rawa. Na yaba da gaskiyar da ke cikin wannan mataki, amma ina da tambaya biyu. Idan makin 2001 kunnen 2001 ne, me ya hana makin 2021 zama kunnen 2021? Sa'an nan wa zai biya wanda aka karya wa kasuwa shekara goma sha takwas da suka wuce? Travistan ma ba ya cikin sha taran.

Yau kiɗa ya canza, rawa ma ta canza. Tun da Napster ta ɓullo a 1999, Spotify kuma a 2008, mai sharhi ya daina ji kafin kowa. A Oktoban 2007 Radiohead suka sanar da In Rainbows kwana goma kafin fitowarsa, suka sa shi a intanet kowa ya biya abin da ya ga dama, 'yan jarida da sauran jama'a suka ji shi a safiya ɗaya. Daga 2015 aka tsayar da Juma'a a matsayin ranar fitar da faya-fayai a duniya. Mai sharhin da a da yake samun makonni da faifai yanzu wani lokaci kwana ɗaya ko biyu gare shi, edita na jira, domin wanda ya riga bugawa shi ke samun masu karatu. Ku tuna Kid A shekaru ya ɗauka kafin kunnuwa su daidaita a kansa.

Ga kuma tsoro. A 2020, da Taylor Swift ta yi faifan Folklore tare da Aaron Dessner na ƙungiyar indi The National, Pitchfork ya ba shi 8.0, maki mai kyau ƙwarai. Wasu masoyanta suka ga an rage, suka bankaɗo bayanan gidan marubuciyar suka yi ta yi mata barazana. A 2024 mujallar Paste ta buga sukar wani faifan mawaƙiyar ba tare da sunan marubuci ba, ta ce don kare lafiyarsa. Tun kafin nan jaridar Wall Street Journal ta duba shafin Metacritic, mai tara makin masu sharhi, ta samu cewa cikin faya-fayai fiye da 7,000 da suka fito tsakanin 2012 da 2016, takwas kacal suka faɗa rukunin marasa kyau. Ko dai mawaƙan duniya sun daina yin faifai mara kyau, ko masu sharhi sun daina faɗa. Ku zaɓi wanda hankalinku ya ɗauka. Gidajen da ke biyan marubutan su ma rushewa suke: NME ta daina fitowa mako-mako a takarda a Maris na 2018, mujallar Q ta rufe a 2020, Pitchfork da kamfanin Condé Nast ya saya a 2015 aka cusa shi ƙarƙashin mujallar GQ a Janairun 2024 aka sallami ma'aikata da dama. Matasa da yawa yanzu wajen Anthony Fantano suke jin hukunci a YouTube, shi ma kuma da lamba yake rufe maganarsa.

Na ce da farko wannan fage nesa yake da mu. Ba gaba ɗaya ba. Mdou Moctar, Ba'abzine makaɗin jita daga Jamhuriyar Nijar, yau yana kamfanin Matador na New York, ɗaya daga cikin ginshiƙan indi. Faifansa Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 sun sha yabo a jaridun Amurka da Birtaniya. Amma faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da gangar na'ura da murya mai Auto-Tune irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bazu a Sahel, har Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds a Portland ya tsinci ɗaya ya sa a kundin Music from Saharan Cellphones. Kamfanin nan dai shi ya sake buga kaset ɗin kiɗan na'ura da Mamman Sani ya ɗauka a 1978, kiɗan da mutanen Nijar suka daɗe suna ji a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, ya kuma fitar da kundin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So a 2013.

Ku karanta sharhin da ake yi wa Mdou Moctar a can. Sunan Jimi Hendrix da na Eddie Van Halen za ku yi ta cin karo da su. Sunan Abdallah Oumbadougou, makaɗin jitar Nijar da shi Mdou ya ce ganin wasansa ne ya sa shi sha'awar jita, sai jefi-jefi. Da Tamashek yake waƙa, a kan mulkin mallaka da halin da mata ke ciki da makomar harshensa, kuma mafi yawan masu ba shi maki daga takardar fassara da kamfani ya aiko suke karanta ma'anar. Yabo ne na gaske, ya kuma buɗe masa ƙofofi, ban raina shi ba. Amma ma'aunin nan ne dai da aka auna Daft Punk da shi. Wannan karon sa'a aka yi akwai jita a hannun mutumin. Shi ya sa faya-fayansa na jita suka zagaya duniya, kiɗan sutudiyon Sakkwato da ya fara da shi kuwa ya zama ɗan labarin da ake ambata a layi ɗaya a wuce. Wanda zai iya bayyana wannan kiɗa, ya faɗi daga ina fiyanonsa ya samo salo, me ya ɗauko daga finafinan Indiya, me ya gada daga kalangu, a irin wannan zaure yake zaune.

Don haka ga roƙona gare ku, ɗalibai, musamman masu niyyar aikin jarida. A Kano da Kaduna da Jos da Maraɗi da Damagaram ana fitar da sababbin waƙoƙi kowane mako, kuma abin da ke biyo bayansu galibi talla ne, ko zagi a Facebook, ko gardamar halas da haram. Rubutun da zai ce ga yadda aka gina waƙar, ga inda amshi ya ɗauke ta, ga inda baiti ya yi rauni, ga wanda aka gada, shi ne ya yi ƙaranci. Ku rubuta shi. Ku saurari waƙa a inda aka yi ta domin a ji ta, in ta biki ce ku je bikin. Ku faɗa wa mai karatu sau nawa kuka ji ta da kuma irin kiɗan da kuka taso da shi, don ya san kunnen da ke yi masa magana. In waƙa ba ta yi ba ku faɗa, da hujja, da sunanku a ƙasa, ko da mawaƙin na da mabiya miliyan. In kuma edita ya matsa sai kun ba da maki, ku bayar, amma ku sa shi a ƙarshen shafi.